Isnadi da Matani a Ajin Tarihi

Tun da wayar hannu ta yawaita a hannun matasa, shirye-shiryen sauti na intanet, waɗanda ake kira fodkas, suka fara kutsawa azuzuwan tarihi na babbar sakandare, har wasu malamai suka ɗauke su madadin littafi, wasu kuwa suka ƙyamace su ɗungurungum. A ganina, fodkas riwaya ce, kuma magabatanmu ma'abota ilmin hadisi sun bar mana ƙa'idar karɓar riwaya, wato a binciki isnadi, jerin waɗanda suka riwaito, sa'an nan a auna matani, abin da aka riwaito.

Mu ɗauki ƙissar Bayajida. Mai shiri zai kawo ta da zaƙin murya, algaita na tashi a hankali: baƙo daga Bagadaza, macijiya a rijiyar Kusugu, auren Daurama, sai Hausa Bakwai. Ɗalibin da ya tashi a gidan da ake kasa kunne ga Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe tun 1957, ya gaji girmama muryar rediyo, saboda haka zai karɓi labarin ba tare da jayayya ba, alhali kuwa tun 1970 masanin tarihi Abdullahi Smith ya kawo hujjoji cewa kafuwar daulolin ƙasar Hausa al'amari ne da ya ɗauki ƙarnoni, wanda zuwan mutum guda ba zai iya bayyana shi ba. Murya tana da rinjaye a kan zuciya fiye da rubutu, ga shi kuma ba ta barin mai sauraro ya dakata ya yi nazari.

To, dakatarwar ita ce aikin malami. Ya ajiye waya a kan tebur, ya kunna minti biyar kacal, ya tsayar, ya ɗauki alli ya rubuta a allo: Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Shekara nawa ke tsakaninsa da waƙi'ar? Daga nan ɗalibai su gwama abin da suka ji da littafin karatunsu, in da hali kuma da abin da tsofaffin unguwarsu ke riwaitowa. Wannan awo ba sabon abu ba ne, domin a cikin masana tarihi na da, Ibn Khaldun ya zargi Mas'udi da karɓar adadin rundunar Bani Isra'ila, 600,000, ba tare da auna shi da hankali ba. Irin wannan tahƙiƙi ɗan aji biyar ma zai iya gwada shi a kan mai shirin da ya kawo labari bai ambaci madogararsa ba.