Kacalla: Tarihin Ciyawar da Ta Toshe Kogin Haɗeja

Wanda ya shiga ƙauyukan Kirikasamma ko Guri ya tsaya a bakin ruwa, abin da zai fara tare masa ido shi ne wata doguwar ciyawa da ta fi tsayin mutum, mai ganye kamar takobi, da kai mai ruwan ƙasa mai kama da zangarniyar gero. Ta cika mashigin ruwa har kwalekwale ba ya iya ratsawa. Dattawan wurin za su nuna maka inda ta tsaya su ce a nan suka noma shinkafa suna samari, a can kuma suka jefa koma. Wannan ita ce kacalla. Saboda yadda ta mamaye fadamun cikin 'yan shekaru, mutane da yawa na ɗaukarta baƙuwa, kamar wani ne ya kawo ta daga wata ƙasa. Tarihin binciken da masana tsirrai suka yi a kanta ya nuna 'yar gida ce, kuma abin da ya ba ta sarauta shi ne sauyin da aka yi wa lokacin zuwan ruwa da tafiyarsa.

Bari mu fara da sunanta. A 1753 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da littafinsa Species Plantarum, wanda daga kansa ne aka ɗauki tsarin bai wa kowane tsiro suna biyu a Latin: na farko sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. Gidan su kacalla ya kira shi Typha. A 1807 wani masanin, Christiaan Persoon, ya bayyana wani nau'i daga cikin gidan ya sa masa Typha domingensis, saboda an samo shi daga Santo Domingo da ke tsibiran Karebiyan. Kafin wannan da 'yan shekaru, tsakanin 1799 da 1803, wani likita ɗan Denmak mai suna Peter Thonning ya zauna a gaɓar tekun ƙasar da yau ake kira Gana yana tattara tsirrai. Cikin abin da ya tara akwai irin wannan ciyawa, kuma da aka buga bayanan tsirransa a 1827 sai aka raɗa mata Typha australis.

An daɗe ana amfani da sunayen biyu kafin masana su jera samfuran su gane cewa tsiro ɗaya ne. Suna duba abubuwa kamar launin zangarniya, da 'yar tazarar da ke tsakanin ɓangaren namiji da ke sama da na mace da ke ƙasa, tazarar da babu ita a wani ɗan'uwanta na ƙasashen sanyi. Ƙa'idar masana tsirrai ita ce sunan da ya riga fitowa shi ke da gida, don haka domingensis ya tabbata, ko da yake har yanzu za ka ga australis a tsofaffin littattafai da rahotannin ƙasar Senegal. Abin da ya shafe mu a nan shi ne shekarun. An tsinke wannan ciyawa a Afirka ta Yamma aka busar aka adana fiye da shekara 170 kafin a kammala madatsar Tiga.

Sunayen Latin ba su zauna wuri ɗaya ba, domin ana so su riƙa nuna dangantakar jini tsakanin tsirrai. Tun da aka fara karanta ƙwayoyin gadon halittu, wato DNA, an sake jera gidaje da dama. Binciken ya nuna kacalla ba ta cikin zuriyar su gero da dawa da shinkafa, tana da nata gidan, sai dai kakansu ɗaya can da nisa. Bagaruwa da ke tsaye a gefen fadamun nan ta daɗe da sunan Acacia nilotica, amma da aka gano cewa itatuwan da aka tara a ƙarƙashin Acacia ba duka ne 'yan gida ɗaya ba, kuma tarukan masana na duniya a Biyana a 2005 da Melbon a 2011 suka bar wa itatuwan Ostareliya sunan, sai ta koma Vachellia nilotica. Daƙwara ta zama Senegalia senegal. Majemi a Haɗeja kuwa har gobe bagaruwa yake ce mata.

Wanda ya fara haɗa sunayenmu da na Latin a rubuce da yawa shi ne John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya zo aikin asibitin gwamnatin mulkin mallaka a 1905. Zamanin nan ne Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Dalziel ya yi aiki a wurare da dama na Arewa, ciki har da ƙasar Katagum da ke maƙwabtaka da Haɗeja, kuma samfuran da ya tara a can suna ajiye a ma'adanar busassun tsirrai ta Kew da ke Landan. A 1916 ya buga A Hausa Botanical Vocabulary, ƙamus na sunayen tsirrai a Hausa. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, ya biyo da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. Sunansa ne a bangon littattafan, amma ilimin amfanin kowane ganye da saiwa daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya fito, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba.

Waɗannan littattafai sun gaya mana abin da ke tsirowa a ƙasar. Dalilin da ya sa kowane tsiro ke tsayawa inda yake kuwa, sai an duba kogin.

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga Kogin Kano da na Challawa, waɗanda ke gangarowa daga ƙasa mai duwatsu. Da ya iso yankin Haɗeja sai ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin yashi da iska ta jera tun zamanin da yankin ke cikin tsananin fari. Daga irin waɗannan jigayin ne jihar ta samo sunanta. A nan kogin ke rage gudu ya rarrabu: Kogin Kafin Hausa ya ɗauki hanyarsa, sai tsohon Kogin Haɗeja, da Burum Gana, da mashigin Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Daga kudu Kogin Jama'are na shigowa da nasa ruwan, abin da ya saura ya haɗu wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe ya nufi Tafkin Cadi.

A da, kogin yana da jadawalinsa. Ruwa ya cika fadamu a watannin Agusta da Satumba, ya soma janyewa da kaka, zuwa tsakiyar rani mashigai da yawa sun bushe har laka ta tsage. Rayuwar mutane ta ginu a kan wannan. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliya, in ruwa ya janye a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, sannan Fulani su sauko da shanu su ci burgu da sauran ciyawar fadama. Bado na cikin tafkuna, giyayya na inda ruwa ke kwanciya na ɗan lokaci, goruba na can tudu. Kacalla kuwa tana son ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Rani ne ke tsare ta: ƙasa ta bushe, saiwarta ta galabaita, shanu su tattake, wuta ta cinye saura. Shi ya sa ta taƙaita a 'yan wuraren da ruwa ke kwana duk shekara.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, daidai lokacin da aka fito daga farin 1972 da 1973. Manufar a bayyane take: ruwan sha ga birnin Kano da noman rani a Kadawa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 kuma aka kammala madatsar Challawa a yankin Ƙaraye, ga kuma shingen ruwa da aka yi domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja a wajen Auyo. Madatsa tana riƙe ruwan damina ta sake shi da rani. Sai abu biyu suka faru tare. Babbar ambaliyar da ke wanke mashigai ta kwashe laka ta ragu, kogin da ya saba bushewa kuma ya koma yana gudana kaɗan-kaɗan shekara zagaye.

Masu bincike sun zo sun auna. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Najeriya da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na Birtaniya. Tsuntsayen da ke ƙaurowa daga Turai da hunturu ne suka fara jawo su, amma aikin ya kai su ga ruwa da mutane. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna cewa faɗin wurin da ambaliya ke rufewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a wajajen 1970, ya dawo ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980, sakamakon fari da madatsa. A 1991 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka lissafa abin da fadamun ke samarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka nuna cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya iso fadama yana haifar da amfanin da ya ninka wanda yake bayarwa a aikin noman rani na Kogin Kano sau da yawa. A 1993 G. E. Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tattara binciken a littafi guda. A 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta biyo a 2008.

Yayin da ake wannan rubuce-rubuce, kacalla na aikinta. Zangarniya ɗaya na ɗauke da dubban ɗaruruwan 'ya'ya ƙanana masu gashi da iska ke kwasa. Inda ɗaya ya samu laka mai danshi ya kama, sai ya miƙa saiwa mai rarrafe a ƙarƙashi, tana fitar da sababbin tsirrai ta ko'ina. Cikin ganyenta akwai ƙananan ramuka da ke kai iska har saiwar da ke nutse a laka, kuma ko busasshen kara yana yin wannan aiki. Da ta yi kauri sai ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, mashigi ya cike ya zama marar zurfi, wanda shi ne abin da take so. Haka ruwa ya rasa hanyarsa ta asali. Mafi yawansa ya karkata ta Marma ya kwanta a kan gonaki da bakin garuruwa, Burum Gana da wasu rassan suka shiga ƙishi, wanda ke isa Gashuwa daga Kogin Haɗeja ya zama ɗan kaɗan. Wani ƙauye na kukan ruwa ya hana noma, na gaba da shi na kukan babu. Tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya suna fita su cinye hatsi, sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya suka samu gida. Da makiyaya ta ƙuntata, makiyayi da manomi suka ƙara matsuwa a kan ɗan filin da ya rage.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya faru a wasu ƙasashe ya tabbatar da dalilin. A Kogin Senegal, bayan an kammala madatsar Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa daga teku, tsayin ruwa ya daina hawa da sauka, sai wannan ciyawar ta rufe bakin kogin. A dausayin Everglades na jihar Fulorida a Amurka ma 'yar gida ce, amma ta fi ƙarfin sauran ciyayi bayan an sauya tafiyar ruwa kuma sinadarin fosforas na takin gonaki ya riƙa gangarowa. Wannan na biyun abin lura ne gare mu, ganin yawan takin zamani da ake zubawa a gonakin noman rani da ke sama da Haɗeja.

An yi ƙoƙari iri-iri. A shekarun 2000 ƙauyuka sun yi ta aikin gayya suna share mashigai da lauje da adda, a 2006 jihohin da ke raba kogin suka kafa asusun haɗin gwiwa na kula da shi, gwamnatoci kuma suka kawo injinan yankan ciyawa. An yi gwajin mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki, a Senegal har gawayi ake yi da ita. Ilimin tsiron ya koyar da dabara guda mai amfani: in za a yanka, a yanke ƙasa da saman ruwa, domin ruwa ya rufe kututturen ya toshe hanyar iska, saiwar ta shaƙe. Wanda ya yanke sama ko ya sa wuta ya bar saiwa, ya yi mata aski ne kawai.

Duk da haka, share mashigi aiki ne da za a yi ta maimaitawa muddin ruwan rani na gudana ba yankewa. Shawarar da masu binciken suka bayar tun shekarun 1990 tana nan: a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa ta yadda zai kwaikwayi tsohon jadawali, a saki mai yawa da damina ya wanke hanya, a bar wasu mashigan su bushe da rani. Yin hakan na buƙatar Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi da Borno su amince da rabon da kowa zai ɗan rasa wani abu. Akwai kuma maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara aka dakatar, ake kuma tayar da ita lokaci zuwa lokaci. Jama'are ne kogin da har yanzu yake cika da damina ya janye da rani kamar yadda ya saba. Duk wanda zai sa hannu a takardar datse shi, ya kamata a fara kai shi mashigin Marma a kwalekwale.