Daga Shafin Littafi zuwa Hannun Mai Wasa: Tasirin Adabi da Anime na Mashaya Jini a kan Wasannin Bidiyo na Gotik

Gabatarwa

Mashayin jini, wato gawar da camfin mutanen gabashin Turai ya ce tana tashi daga kabari da dare ta tsotsi jinin masu rai, ya shafe sama da shekara 200 yana yawo a cikin ƙagaggun labarai, kuma tun daga shekarun 1980 ya sami sabon masauki a wasannin bidiyo masu salon gotik. Gotik salon adabi ne da ke gina tsoro a kan tsofaffin fadoji da makabartu da asiran dangi da laifin magabata mai bin jikoki, kuma manazarta kan ɗora farkonsa a kan The Castle of Otranto, littafin Horace Walpole na 1764. An saba ɗauka cewa waɗannan wasanni kai tsaye suka ɗebo daga Dracula na Bram Stoker, alhali hanyar ta fi haka lanƙwasa. Matsayin wannan maƙala shi ne, littattafan Turai sun samar da muhalli da abokin gaba da ƙa'idojin yaƙarsa, finafinai sun samar da kamanni, sannan adabin Jafan da anime, wato finafinan zane na ƙasar, suka samar da irin gwarzon da wasa ke bukata, wanda zai yi aiki da ƙarfin dodo ba tare da ya fita daga sahun mutane ba.

Gadon Littattafan Turai

A camfin ƙauyukan yankin Balkan mashayin jini talaka ne, kumburarriyar gawa ce mai addabar danginta, sai da John Polidori ya wallafa The Vampyre a 1819 aka mayar da shi basarake mai ladabi da kwarjini, wanda ke cuɗanya da manyan gari yana halaka su. Sheridan Le Fanu ya ƙara wani tubali a 1872 da labarin Carmilla, inda mashayiyar jinin mace ce mai shiga zuciyar wadda za ta cutar kafin ta kai ga wuyanta, a wata keɓaɓɓiyar fada da ke yankin Styria na Ostiriya. Stoker kuwa, a 1897, ya tattara waɗannan ya ɗora musu abin da daga baya ya fi amfanar masu tsara wasanni, wato ƙa'idoji. Dodonsa yana rikiɗa ya zama jemage ko kyarkeci ko hazo, ba ya bayyana a madubi, ba ya shiga gida sai an gayyace shi, yana gudun tafarnuwa da gicciye, kuma ƙarfinsa kan ragu da rana. Farfesa Van Helsing ya zayyana wa abokan farautarsa waɗannan iyakoki ɗaya bayan ɗaya, sa'annan suka bazama suna neman akwatunan ƙasa hamsin da dodon ya shigo da su Ingila domin su hana shi makwanci. Duk wanda ya san zubin wasan bidiyo zai gane wannan tsari, domin abokin gaba mai sanannen ƙarfi da sanannen rauni, tare da jerin ayyukan da dole a kammala kafin a kai gare shi, su ne ƙashin bayan mafi yawan wasanni.

Castlevania ta Farko da Inuwar Finafinai

Duk da haka, wasan da ya kafa wannan fage, wato wanda kamfanin Konami ya fitar a Jafan a 1986 da sunan Akumajo Dracula, aka kuma san shi a duniya da Castlevania, bai fito daga littafi kai tsaye ba. Allon buɗewarsa yana da ramukan gefe irin na zaren fim, kuma abokan gaban da gwarzon wasan, Simon Belmont, ke karawa da su da bulalarsa, irin su halittar Frankenstein da naɗaɗɗun gawarwakin Masar, taron dodannin finafinan kamfanin Universal ne na shekarun 1930 da na kamfanin Hammer na Ingila. A ƙarshen wasan ma an jera sunayen raha masu kwaikwayon na Bela Lugosi, wanda ya fito a matsayin Dracula a 1931, da Christopher Lee, wanda ya fito a 1958. Sai a wasannin da suka biyo baya ne jerin ya riƙa komawa ga littattafan da kansu, inda Carmilla ta zama abokiyar gaba mai yawan dawowa, har da baiwarta Laura a Rondo of Blood na 1993, sannan Bloodlines na 1994 ya ɗauki John Morris a matsayin ɗan Quincey Morris, Ba'amurken da ya rasa ransa a ƙarshen littafin Stoker, ya haɗa zuriyarsa da ta Belmont. Wannan aro ne bayyananne wanda ba ya bukatar hasashe.

Gwarzo Ruwa Biyu

Shekara uku kafin fitowar Castlevania, marubuci Hideyuki Kikuchi ya wallafa littafin farko na Vampire Hunter D a 1983, da zanen Yoshitaka Amano, wanda daga baya ya shahara da zana taurarin wasannin Final Fantasy, kuma a 1985 aka mayar da labarin anime a ƙarƙashin jagorancin Toyoo Ashida. Labarin yana faruwa ne a shekara ta 12,090, bayan yaƙin nukiliya, a duniyar da mashaya jini suka mulka a matsayin masu sarauta kafin mulkinsu ya fara ruɓewa. Shi ma Kikuchi daga rijiyar Hammer ya sha, kamar yadda sunan mugun labarin, Magnus Lee, ke nunawa, amma ya kawo abin da babu shi a wajen Stoker, wato ya mayar da mafaraucin da kansa ruwa biyu, ɗan mashayin jini da mace 'yar Adam. D kyakkyawan saurayi ne marar yawan magana, mai baƙar alkyabba da doguwar takobi, wanda mutanen da yake karewa ke ƙyamarsa, dangin ubansa kuma suke ɗaukarsa maci amana.

Muhimmancin wannan tauraro ga wasanni ya fito fili a wasan Castlevania mai suna Symphony of the Night na 1997, shekara ɗari cif bayan littafin Stoker. Alucard, ɗan Dracula, wanda sunansa juyin sunan ubansa ne da aka aro daga fim ɗin Son of Dracula na 1943, ya fara bayyana a Castlevania ta uku a 1989 a matsayin mataimaki mai kama da ubansa na finafinai. A 1997 kuwa, mai tsara wasa Koji Igarashi da abokan aikinsa suka ba shi jagorancin labari, mai zane Ayami Kojima ta sake masa siffa ya zama siririn saurayi mai dogon farin gashi da takobi, aka kuma ba shi uwa 'yar Adam mai suna Lisa, wadda mutane suka kashe bisa zargin maita. Kamanninsa da D a siffa da hali da matsayi tsakanin jinsi biyu ya kai yadda da wuya a ɗauke shi a matsayin katari.

Abin da ya fi kamanni nauyi shi ne yadda wannan gwarzo ya sauya tsarin wasan. Simon Belmont mutum ne, saboda haka tafiyarsa a wasan farko miƙaƙƙiya ce daga ƙofar fada zuwa ƙololuwarta, mataki bayan mataki. Alucard kuwa ya gaji rikiɗar ubansa, kuma siffofi ukun da Stoker ya ba dodonsa don su tsorata mai karatu sai suka zama mabuɗan taswira a hannun mai wasa: hazo yana ratsa ƙarafan da suka tare hanya, jemage yana kai wa ga ɗakunan sama, kyarkeci yana ba da gudu. Ta haka fadar ta zama gida guda mai sarƙaƙiya da ake komawa lungunansa a duk lokacin da aka sami sabon iko, har a kai ga kifaffiyar fada ta biyu. Ashe ke nan tauraron da adabin Jafan ya yayata bai tsaya ga ƙawata labari ba, ya taimaka wajen yaɗa wani zubin wasa da ɗaruruwan wasanni suka bi daga baya.

Jini a Matsayin Lissafi

Akwai wani reshe na biyu da ya tsiro a Amurka. A Interview with the Vampire na 1976, Anne Rice ta bai wa mashayin jini damar ba da labarinsa da bakinsa, ta nuna shi mai nadama da kaɗaici da tuhumar kai. Wasan tebur na Vampire: The Masquerade, wanda Mark Rein-Hagen ya tsara kamfanin White Wolf ya fitar a 1991, ya mayar da wannan nadama lissafi, domin kowane tauraro yana da ma'aunin jini da ma'aunin mutuntaka, kuma wani wasan bidiyo mai suna Bloodlines na kamfanin Troika, wanda ba na jerin Castlevania ba ne, ya ɗauko tsarin a 2004, inda tsotse jinin marar laifi har ya mutu ke rage mutuntakar mai wasa ya kusantar da shi ga haukan dabba. Vampyr na 2018 ya ƙara tsananta zaɓin, domin gwarzonsa, likita Jonathan Reid, yana aiki a Landan lokacin annobar mura ta 1918, kuma hanya mafi sauri ta samun ƙarfi ita ce ya kashe majinyatan da ya sani ya kuma yi wa magani, abin da ke jefa unguwarsu cikin lalacewa. A littafi mai karatu shaida ne kawai ga laifin tauraro, amma a nan shi ne mai yanke hukunci, shi ne kuma mai ɗaukar alhaki.

Iyakokin Hujja

Wajibi ne a bambance aron da ya tabbata da kamannin da ake ɗora hujja a kansa. Sunayen Carmilla da Morris da Alucard shaida ce a bayyane, amma alaƙar D da Alucard hujja ce ta kamanni da kusancin zamani. Bulalar Simon misali ce mai kyau ta wannan haɗari, domin Doris Lang, jarumar labarin D na farko, ita ma da bulala take faɗa, sai dai kuma tauraron fim Indiana Jones ya riga ya shahara da tasa tun 1981, don haka ba a iya jingina ta ga tushe guda. Haka nan tasirin bai taɓa zama mai tafiya ta fuska ɗaya ba. Bloodborne na 2015, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranta, ya gauraya yanayin Stoker da firgicin labaran H. P. Lovecraft a birnin da aka mayar da jini magani da ibada, sannan daga 2017 zuwa 2021 kamfanin Netflix ya nuna Castlevania a matsayin fim ɗin zane mai salon anime da aka shirya a Amurka bisa labarin wasan 1989.

Kammalawa

Wasannin gotik sun gaji adabin mashaya jini ta hannaye da dama, kuma kowane hannu ya bar abin da ake iya nunawa. Gudunmawar adabin Jafan da anime ta fi sauran zurfi saboda ta taɓa tsarin wasan kansa, ta mayar da ikon dodo kayan aikin mai wasa, kamar yadda reshen Anne Rice ya mayar da ƙishirwarsa jarrabawar ɗabi'a. Saboda haka nazarin tasiri a wannan fage zai ci gaba da zama ragagge muddin ya tsaya ga sunaye da sutura da gine-gine, domin a cikin ƙa'idojin wasa, wato abin da aka yarje wa mai wasa da abin da aka sa ya biya, ake ganin yadda aka fahimci littafin da aka aro daga gare shi.