2.3 Asalin Karkatattun Haruffa da Shigarsu Harkar Tallan Kayan Ƙawa

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bin diddigin karkatattun haruffa, wato waɗanda Turawa ke kira italik, domin a ga yadda suka tashi daga littattafan ɗalibai suka koma tambarin kayan alfarma. Hujjar da za a kafa ita ce, ba don ado aka ƙirƙiro su ba tun farko.

Tushen waɗannan haruffa shi ne rubutun hannu na malaman Italiya a ƙarni na 15, musamman na Niccolò Niccoli na birnin Fulorans. A shekarar 1501 Aldus Manutius, mai maɗaba'a a birnin Benis, ya buga waƙoƙin Virgil da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa masa bisa kwaikwayon wannan rubutu. Littafin ƙarami ne, wanda mai karatu zai riƙe a hannu ya yi tafiya da shi. Manyan baƙaƙensa a tsaye suke, ƙananan ne kawai suka karkata. Saboda karɓuwar da ya samu, maɗaba'un Liyon a Faransa suka shiga kwaikwayonsa ba da izini ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 an rage buga littafi sukutum da su, aka mayar da su abokan tafiyar miƙaƙƙun haruffa, ana ware muhimmiyar kalma da su.

Sauyi na biyu ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 18, ta hannun Firmin Didot a Faris da Giambattista Bodoni a Farma. Ingancin takarda da na injin ɗab'i ya ba su damar yin harafi mai kauri a gefe ɗaya, siriri kamar gashi a ɗaya gefen. Sai dai wannan siranta takan ɓace idan harafin ya ƙanƙance, don haka ya fi dacewa da babban kanu. Wannan rauni shi ya zama ƙarfinsa a mujallun ado. Alexey Brodovitch, wanda ya kula da tsarin mujallar Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, ya riƙa girke irin waɗannan haruffa cikin farin fili kusa da hoto, kuma a 1955 mujallar Vogue ta tsayar da sunanta da samfurin Didot.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa alfarmar da ake gani a jikin harafin nan al'ada ce ta ɗora masa. Shi ya sa take iya gushewa ta dawo: kamfanin Burberry ya yar da haruffa masu ƙafafu a 2018, ya komo gare su a 2023.