Malamin Gona da Ƙungiyoyin Matasa Manoma a Arewacin Nijeriya

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da nata hanyoyin koyar da noma. Yaro yakan tashi a gandun mahaifinsa yana bin manya kunya-kunya, har ranar da za a yanka masa gayauna ya gwada hannunsa. Sarkin Noma shi ne abin koyi a gari, gayya kuwa ita ce makarantar da samari ke koyon haɗa kai da biyayya ga jagora. A kan wannan tushe aka ɗora aikin malamin gona.

A shekarar 1912 aka kafa Sashen Aikin Gona na Arewa, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigilar gyaɗa daga Kano. A 1922 aka buɗe tashar bincike a Samarun Zariya. Abin da ya fi damun Turawa shi ne auduga da gyaɗa, domin masana'antun Ingila, amma daga cikin abubuwan da suka kawo akwai wanda ya zauna da gindinsa, wato garmar shanu. Daga 1928 aka fara bai wa manomi bashin shanun huɗa biyu da garma ta hannun En'e, ya riƙa biya bayan kaka. Malamin gona ne ke koya masa horar da shanu da ajiye harawa da kai taki gona. Yakan zagaya ƙauyuka a kan keke, ya sauka wajen dagaci, ya kafa gonar gwaji a bakin hanya, domin manomi ba ya yarda da sabon iri sai ya ga zangarniya da idonsa.

Bayan samun mulkin kai, tashar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka kuma kafa sashen isar da sakamakon bincike ga manoma a 1963, wanda ya zama NAERLS a 1987. Wannan sashe ya wallafa ƙasidu da Hausa, ya kuma yi amfani da rediyo da majigi.

A wannan zamani ne Ƙungiyoyin Matasa Manoma suka bazu a makarantu. An ɗauko tsarinsu daga irinsu na Ingila da kuma ƙungiyar 4-H ta Amurka. Ɗalibai ne ke zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji daga cikinsu, malamin makaranta da malamin gona kuwa masu ba da shawara ne kawai. Kowane yaro yana da nasa fangali a lambun makaranta, inda yake shuka tumatir ko albasa ko alayyafo, ya rubuta ranar shuka da abin da ya kashe da abin da ya samu. Wasu kuma sukan kiwata kaji ko zomaye, a kai nunin amfanin gona. Ta haka yaro ke koyon riƙon amanar kuɗin jama'a da jagorancin taro tun yana ƙarami. Bugu da ƙari, sau da yawa ta hannun ɗa ne sabon iri ke shiga gonar uba.

Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun girgiza manoma. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, daga baya jihohi suka kafa nasu, kamar KNARDA a Kano. A 1976 kuma aka ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, wanda ya ƙarfafa wa makarantu da magidanta gwiwar yin lambu. An ɗauki malaman gona da yawa, aka ba su babura, ana horar da su duk mako biyu su kai wa manoma saƙo.

Da tallafin bankin ya ja baya a shekarun 1990, sai aikin ya raunana. Tsofaffin malamai suka yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, gonakin makarantu da dama kuma gine-gine suka cinye su. Wani abin takaici shi ne yadda noma ya koma horo ga ɗalibin da ya makara, har yara suka tsani fartanya.

Saboda haka muna kira ga malamai da dattawa da su farfaɗo da wannan ƙungiya. Ɗan fili a bayan aji da rijiya da malami mai kishi sun isa a fara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.