Cin Rani da Talauci a Ƙasar Rano

Cin rani shi ne barin gida bayan girbi domin neman kuɗi har faɗuwar damina. A Saji da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano, samari kan nufi Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, su kama dako, ga-ruwa, gadi ko acaba. Wasu ba sa nisa, sai su yi ƙodago a fadamun Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya raya noman rani.

Amfanin farko na tafiyar shi ne rage bakin da ke cin hatsin rumbu. Kuɗin da aka aiko kuwa taki ake saya da su, ko akuya, ko kayan aure.

Sai dai ribar ba ɗaya ba ce. Mai ɗan jari da ɗan'uwa a birni kan dawo da abin sayen gona. Wanda ya ranto kuɗin mota, bashi yake fara biya. In ya makara, shuka ta wuce shi, sai ya ƙare da noma gonar maƙwabci a kan lada, tasa tana cike da ciyawa. Ta haka gida kan rabu da yunwa alhali tazararsa da masu hali tana ƙaruwa.