Haɗa zagayen jiran aukuwa a manhajar kwamfuta

Zagayen jiran aukuwa shi ne ɓangaren manhaja da ke zaune yana sauraron abin da zai faru, ko latsa maɓalli ko isowar saƙo daga intanet, sannan ya miƙa shi ga umarnin da ya dace. Kayan gina manhajojin tebur irin su Qt, wanda aka fara fitarwa a Norway a 1995, da GTK da Tk, kowanne yana da nasa zagayen. Haka ma tsarin sabar yanar gizo kamar Twisted na harshen Python, ko Tornado da Facebook ya saki a 2009.

Idan manhaja ɗaya tana buƙatar zagayen tebur da na sabar tare, matsalar ita ce kowane zagaye yana son riƙe babban layin aiki shi kaɗai. Idan na sabar ya riƙe, tagar manhajar sai ta sandare, ko an latsa ba ta motsi.

Hanya mafi sauƙi ta haɗa su ita ce a sa agogon cikin manhaja ya riƙa leƙa ɗayan zagayen a kai a kai, sai dai tana cin batir. Wasu kan ware wa sabar layin aikinta daban, amma Qt ba ya yarda a taɓa taga daga wajen babban layin, dole saƙo ya bi ta jerin gwano. Wadda ta fi tsafta ita ce a ɗora ɗaya kacokan a kan ɗayan, kamar yadda qasync ke tafiyar da asyncio, wanda ya shigo Python 3.4 a 2014, a cikin zagayen Qt. Electron da kamfanin GitHub ya ƙirƙira kuwa yana haɗa zagayen libuv na Node.js da na Chromium.