Lissafi

lissafi *suna, namiji, jam'i* lissafe-lissafe. Daga Larabci *al-hisab*.

1. Ƙidaya da sarrafa lambobi ta hanyar tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa: *Manomi ya yi lissafin buhunan dawa da riɗin da ya samu bana.*

2. Darasin sakandare da ya ƙunshi aljabra, joometiri da ƙididdiga. A Mafaza, garin da ke gaɓar kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan, yaran Hausawa suna koyonsa da Larabci, da sunan *riyadiyyat*, kuma yana cikin jarrabawar shahadar sakandare ta Sudan: *Malam ya rubuta a allo da Larabci, ɗalibai suka warware wa juna da Hausa.* Sunan aljabra ya fito daga littafin Alkhawarizmi na Bagadaza, wajen shekarar 820. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen masanin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

3. Tunani da tsari: *Yarinyar nan akwai lissafi.*

lissafi ya ƙwace masa: ya rikice.

lissafin dokin Rano: lissafin da bai tashi daidai ba.

*Duba* hisabi, ƙidaya.